Bom, buhun PICS ko duro da jarka: da wanne za ka ajiye wakenka bana?

Ƙanena ne ya kira ni daren Juma'a, wai Yaya wake ya iso gida, buhu goma sha ɗaya Allah ya ba shi bana, kuma baya son ya kai kasuwa yanzu tunda kowa ma yanzu yake kaiwa, farashi ya faɗi warwas. Damuwarsa ɗaya ce, da me zai ajiye. Abokansa sun ce ya sayi bom, wato ƙwayar maganin ƙwari, ya jefa kawai ya huta, wani malamin gona ya ce masa buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, Inna kuma daga gefe ina jiyo muryarta tana cewa ita dai jarkokinta ba su taɓa ba ta kunya ba. Mun fi awa muna magana har katinsa ya ƙare, shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, don na tabbata ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba a irin wannan lokaci na kaka, daga nan har Maraɗi da Damagaram.

Kafin a zo kan zaɓi, ya kamata mutum ya san da wa yake faɗa. Ƙwaron wake ba a sito yake fara samun wakenka ba kamar yadda da yawa suke zato, tun daga gona yake biyo shi, uwar ta yi ƙwai a jikin kwanson, ka sussuke ka sheƙe ka zuba a buhu kana ganin wake tas, alhali ƙwai da tsutsa suna ciki. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai da dama har kusan ɗari, kuma cikin wata guda ko ƙasa da haka 'ya'yan sun fito sun fara nasu. To ka lissafa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Shi ya sa zaka ga buhun da aka ɗinke lafiya lau, bayan wata uku ka sa hannu ka ji ɗumi kamar an dafa shi, ka ɗebo ka ga kowace ƙwaya da huji biyu uku, ƙasan buhun duk gari. Na taɓa ganin wannan da idona a ɗakin kawuna ina yaro, ya buɗe buhu ƙwarin suka tashi kamar hayaƙi, ya tsaya shiru ya fi minti biyar bai ce komai ba, don da kuɗin waken nan yake shirin aurar da 'yarsa. Ƙarshe masu dabbobi aka sayar wa.

Toh, mu fara da bom tunda shi aka fi sani. Abin da muke kira bom ɗin nan ƙwaya ce da idan ta haɗu da laimar iska sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba, warinta kamar na tafarnuwa, ita ce ke kashe ƙwarin, ƙwayar kuma ta koma toka-toka. Gaskiya yana aiki, ba zan ce baya aiki ba, kuma a ranar saye shi ya fi komai araha, kusan ko'ina ana samunsa har a kasuwar ƙauye. Amma akwai abubuwa biyu da masu sayarwa ba sa faɗa. Na farko, iskar tana bukatar wuri a rufe ruf na kwanaki kafin ta kashe har ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar wake, idan ka jefa shi a buhu na saƙa wanda iska ke shiga ta fita, manyan ne kawai za su mutu, gubar ta tsere, bayan 'yan makonni na cikin su ƙyanƙyashe, sai ka sake saye ka sake jefawa. Kuma da zarar iskar ta fice babu wata kariya da ta rage, sabon ƙwaro daga buhun maƙwabci zai iya shigowa. Don haka arahar nan ta ranar farko ce, idan ajiyar wata shida ce sai ka ninka kuɗin sau biyu ko uku. Na biyu kuma shi ne wanda ya fi tayar min da hankali: ina iskar da ta tsere take zuwa? A gidajenmu ai ba kowa ke da sito daban ba, buhunan suna ɗakin da yara ke kwana, ko ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsa da na matar gida, rufin ɗaya. Wannan iskar tana kashe mutum, ba wai tana sa ciwon kai kawai ba. Asali ma an yi maganin ne don waɗanda aka koya wa aikin, su lulluɓe tarin buhuna da tamfol na musamman a babban sito, su danne gefe da buhunan yashi, su kulle su tafi, bayan kwanakin sun cika su buɗe iska ta ratsa, su kwashe tokar su binne. Mu kuma sai a ƙulle a tsumma a cusa tsakiyar wake, wani ma ko tsumman babu, tokar ta gauraye da abin da za a yi wa yara alala da shi.

Shi kuwa fiya-fiya da 'yan'uwansa na ruwa da ake yayyafa wa wake, wannan ba ya ma cikin zaɓi, na ambace shi ne kawai don kada wani ya ce na manta. Ba a yi shi don abinci ba. Kuma ya ja mana asara a matsayin ƙasa: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin irin wannan maganin, dokarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma a namu an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na biye mata, amma ga inda muka tsinci kanmu. Abin da ya fi min ciwo ba ma kasuwar Turai ba, waken da suka ƙi karɓa ai mu muke cinsa, a ƙosai, a ɗanwake, a garau-garau. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu buhun PICS. Wannan shi ne wanda ya zo mana ta hanyar haɗin gwiwar ƙasashe, kuma labarinsa ya cancanci a sani don mutane da yawa suna ɗauka wani kaya ne da Bature ya ƙera can ya turo mana. A ƙarshen shekarun 1980 ne masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin wani malamin ilimin ƙwari Larry Murdock, suka yi aiki tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa, nan arewacin Kamaru inda ƙasar da yanayin duk irin namu ne, da kuɗin hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID. Sun gwada toka, sun gwada shanya wake a rana cikin leda, sun gwada zuba shi a leda rufi uku, wannan na ƙarshen shi ne kakan buhun da muke gani yau. Sai a 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa shi a ƙasashe goma: Najeriya, Nijar, Burkina Faso, Mali, Senegal, Gana, Togo, Binin, Kamaru da Chadi. A nan Najeriya cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta shiga aikin, a Nijar kuma cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, musamman reshenta na Maraɗi inda Dakta Ibrahim Baoua ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kai. Yadda suka tallata shi ya burge ni, ba lacca suka yi ta yi ba, a ƙauye za a tara mutane a dandali, wasu su kawo wakensu a ɗaure a gaban kowa, bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance a gaban kowa, ido ya gane wa kansa. Sannan ba rabawa kyauta suka sa a gaba ba, sun nemi kamfanonin leda na yankin su riƙa yi, a Kano kamfanin Lela Agro ne, 'yan kasuwa su sara su kai kasuwanni, manomi ya saya da kuɗinsa. Ni a ganina wannan ne ya sa abin bai mutu ba, mun sha ganin shirin da ake kawowa da mota da allo da taro, ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare ranar komai ke tsayawa. Ita kanta USAID ɗin an rufe ta a 2025, amma buhun yana nan a kasuwa.

Yadda yake aiki babu wani sihiri kuma babu magani ko kaɗan a jikinsa. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje da ke ɗaukar wahalar ɗagawa da jifa. Idan ka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shaƙe iskar da ta rage, iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata ne mai amfani ga rai, to a cikin buhun sai ta yi ƙasa sosai, ƙwarin su daina ci, su daina haihuwa. Wani abin mamaki da binciken ya gano shi ne ƙishirwa ce ma ke ƙarasa su, don busasshen wake ba ruwa a cikinsa, ƙwaron daga abincin da jikinsa ke ƙonawa da iska yake samun ruwa, babu iska babu ruwa, sai ya bushe. Ka kwance buhu yau, yau ɗin za a iya ɗora tukunya, ba sai an shanya an jira wari ya fita ba. Iri ma yana tsira lafiya in dai a bushe aka zuba shi. Akwai na kilo 50 akwai na kilo 100, daga baya kuma aka ga yana yi wa masara da dawa da gurjiya da sauransu.

Amma fa shi ma yana da nasa sharuɗɗa, kuma duk wanda na ji yana cewa buhun ƙarya ne, in ka bi diddigi zaka samu ɗaya daga cikinsu aka karya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Huji ɗaya kamar na allura ya isa ya ɓata aikin, don haka tun a wajen saye ka ware ledar, ka cika ta da iska, ka murɗe bakin ka danna, in ka ji tana saki to ka ajiye musu abinsu. Akwai na jabu da leda sirara kamar ta ƙullin kayan miya, araha ba ta ado, ka nemi dila da aka sani. Wake ya zama an sheƙe shi tas, ba kara ba tsakuwa ba ƙaya, su ne ke huda leda daga ciki. Ya bushe ƙarau, ka ciza ka ji ya fashe ƙas ba ya lotsa ba, ko ka zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ka rufe ka girgiza ka bari, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran laima, a mayar rana. Wake mai laima a cikin leda rufe, ruɓewa zai yi. Sai ɗauri, nan ne mutane suke gaggawa: kowace leda daban ake ɗaure ta, ka matse iskar ta fita, ka murɗe wuyan, ka lanƙwasa shi ka ɗaure da igiya ko roba, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kar a haɗa su a ɗaure lokaci ɗaya, kuma kar a kawo allurar ɗinki kusa. A ɗora a kan katako, kar ya jingina da bango. Ɓera baya jin ƙamshin abin da ke ciki sosai, amma in sitonka gidan ɓeraye ne to zai gwada haƙorinsa, kuma ko masu dako da ƙugiya ko jan buhu a ƙasa sun isa su kashe maka shi. Sannan ba buhun da za a riƙa buɗewa kullum ana ɗibar na miya ba ne, duk buɗewa sabuwar iska ce. In an kula da shi yana yin shekara uku ana amfani da shi, in ledar ta huje kuma ba a yar ba, ana zuba wani abin da ƙwari ba su dame shi ba.

Sai na Inna, jarka da duro. Abin da mutane ba su lura ba shi ne dabarar ɗaya ce da ta PICS, hana iska shiga, iyayenmu mata sun daɗe da gano wannan ba tare da kowa ya koya musu ba. Jarkar man girki mai lita 25, a wanke ta sosai a kife ta bushe kwana biyu uku, a ɗura wake ana bubbuga ta a ƙasa har ya cika maƙil ba sauran wuri, a sa 'yar leda a baki a murɗa murfi. Na ga Inna tana yi, har da mazurari na kwali take naɗawa, jikoki suna ɗura mata tana zaune tana duba ko ya kai wuya, in bai kai ba ta ce a ƙara, wai wurin da ya rage ɗakin ƙwaro ne. Kuma gaskiyarta. Kyawun jarka shi ne kaɗan-kaɗan ce, ka buɗe ɗaya ku cinye, sauran suna nan a rufe ba abin da ya dame su, ɓera kuma sai dai ya kalla. Ga gidan da ke ajiye na ci, ko mai sana'ar ƙosai da ke son ta sayi na wata huɗu tun da araha, ban ga abin da ya kai ta ba. Sai dai kar a kuskura a yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata. Matsalarta ita ce yawa, buhu ɗaya sai ya ci jarka biyar ko kusa da haka, to ka ga mai buhu goma sha ɗaya jarka hamsin da wani abu zai nema, kuɗinsu da wurin ajiyarsu da wahalar ɗurawa da juyewa, abin ba zai yi ba.

Duro na ƙarfe mai lita 200 yana cin kusan buhu ɗaya da rabi, yana shekaru masu yawa, ba ruwansa da ɓera ko ƙugiyar ɗan dako, cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI ma tana da nata samfurin da aka ƙera musamman don wannan. Amma kuɗin farko da nauyi, dole ka tabbatar murfin yana kamawa da roba mai kyau, dole ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki, dole a cika shi don rabin duro rabinsa iska ce, kuma kar a bar shi a rana ko a ƙasa mai laima ya yi tsatsa. Ranar sayarwa kuma sai ka sake juyewa a buhu. Toka da yashi da barkono da ganyen darbejiya na kakanni suna taimakawa ga ɗan irin shuka, kwano biyu uku, amma tokar da ake bukata kusan yawan waken ce, ba wanda zai yi wa buhu goma haka.

To wanne? Abin da na faɗa wa ƙanena shi ne ya daina kallon kuɗin ranar saye. Buhu kwano arba'in ne. Ka tambayi kuɗin buhun PICS a kasuwarku, ka raba shi uku tunda shekara uku zai yi maka, sannan ka duba kwano nawa na wake wannan kuɗin zai saya. Sai ka tuna cewa mai saye a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano in ya soka ya ga huji ko kaɗan ne, ba kwano ɗaya zai rage maka ba, duka buhun zai karya wa farashi. Ta wancan gefen kuma ka haɗa kuɗin bom sau biyu ko uku, da ledar da dole ka saya in kana son ya yi aiki, da kwanan da zaka yi kana tunanin ɗakin yara. Ni dai a lissafina, manomi ko ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu biyu zuwa 'yan gomomi, PICS ne nasa, ko wani buhun mai hana iska irinsa in dai na gaske ne, don yanzu akwai wasu kamfanonin ma da ke yi. Na cin gida, jarka. Wanda ke da hali kuma duk shekara yana ajiya a wuri ɗaya, ya riƙa sayen duro ɗaya-ɗaya yana tarawa. Babban dila mai ɗaruruwan buhuna a sito nesa da gidajen mutane, shi ne kaɗai zan ce hayaƙin bom ya dace da shi, shi ma ya ɗauko waɗanda suka iya aikin su yi masa da tamfol, ba yaran shago ba.

Abu ɗaya da ba na son a manta, ba kowace shekara ce farashi ke tashi ba, akwai shekarar da masu ajiya suka kwana ciki, buhu baya hana wannan, ƙwaro kaɗai yake hanawa. Shi ya sa na ce masa kar ya sa duka a lissafin kasuwa. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa sinadarin gina jiki ne, shi ne naman gidan da ba a sayen nama, kuma lokacin da yara suka fi shiga tamowa a yankinmu shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai zo ba, a lokacin ne waken ya fi tsada kuma a lokacin ne gidan manomin da ya noma shi ba shi da ko kwano. Wannan abin yana ci min rai duk shekara.

Jiya ya sake kira. Ya ce buhu biyu zai sayar yanzu ya biya masu aiki da kuɗin buhunan, takwas zai ɗaure a PICS, ɗayan kuma ya bai wa Inna da matarsa su ɗura a jarka, ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka. Ya ce ya gwada ledojin a gaban mai shagon kamar yadda na faɗa masa, ɗaya tana saki, aka canza masa. Yanzu katakon da zai jera su a kai yake nema, na ce ya duba bayan ɗakin Baba, akwai tsofaffin azara a jingine tun gyaran rufin bara.